Ƙaton Da Ba Shi Da Wuya

Zanen nan ya girme ni a ɗakin Innarmu. Wani Bature da Baba ya yi wa kuku a Kano ne ya bar masa, ya ce mutanen ciki duk na wasannin kwaikwayon ƙasarsu ne na dā. Fentin mai ne, har yau yana sheƙi. Ga wani sarki da gashi buzu-buzu, ga wata ramammiyar yarinya riƙe da furanni, sai wani ƙato a gefe, tumbi gaba, yana ƙyaƙyata dariya. Wallahi ƙaton nan Baba ne sak, fata ce kawai ta bambanta. Baba bai taɓa ɗaukar hoto ba har ya rasu, don haka shi Inna take kallo. Shekarun da tsada ta sa muka sayar da rediyo da keke, ko taya zanen ba ta bari an yi ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ƙanena Badaruddeen ya dawo Sabon Birni daga karatu da ɗan gemunsa kamar na bunsuru.

"Inna, mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto. Amma Malam ya ce in an ja layi a wuyan kowa, an yanka shi ke nan, sai a bar shi."

"Ubanka za ka yanka?" in ji Inna.

Na ce, "Kai, ɗan nema! Jiya-jiya nake share maka majina."

Ko a jikinsa. Ya ɗauko tawada da alƙalami, ya yi bisimilla, ya shaɓa wa sarki layi. Yarinyar ma bai ƙyale ta ba. Inna ta juya baya tana jan carbi.

Da ya iso kan ƙaton sai ya tsaya. Ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can. Haɓa ce ninki-ninki zaune a kan ƙirji, gemu ya rufe sauran. Can na ga kafaɗun Badaruddeen suna rawa, ashe dariya yake, ga hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yaya Sa'a, ina zan ja? Baba ai ba shi da wuya."

Inna ta juyo tana goge ido. "Da ransa ma sai da aka faɗaɗa masa wuyan riga. Rufe tawadar nan, tuwonka yana hucewa."