Ranar da Aka Rataye Sandar

Abin da Aurélien yake tsoro, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne ranar da harshensa zai saɓa wa na mahaifinsa wajen ɗanɗanon giya. Ranar kuwa ta riske shi da hantsin wata Talata, a ɗakin ajiyar giya na ƙarƙashin gidansu da ke Meursault a Faransa, wata huɗu da dawowarsa da difloma a kan sarrafa inabi.

Kowace Talata mahaifinsa, Fernand, yakan zura sandar ƙarfe cikin gangunan katako ya motsa lakar da ta kwanta, domin farar giyar ta yi kauri. Haka kakanninsu suka yi, ba fashi har Ista.

Fernand ya cire toshiyar ganga, ya zuƙo da bututun gilashi, ya tsiyaya a kofuna uku. Solange, ƙanwar Fernand, ta karɓi nata tana murmushi.

"To, malam mai takarda," in ji ta, "a karanta mana."

Aurélien ya juya kofin, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar a kan tsakuwa. Ƙamshin gasasshen burodi da man shanu ne ya fara zuwa. Can ƙasa kuma akwai lemun tsami, siriri, yana neman shaƙewa. Ya sake kurɓa don kada ya yi kuskure. Sannan ya dubi mahaifinsa.

"Baba, ta isa haka. Bana zafi ya yi yawa, tsaminta kaɗan ne. In aka ƙara motsa ta, maiƙo zai danne lemun, ta tsufa a kwalba kafin shekara uku."

"Tun kana rarrafe nake motsa gangunan nan."

"Shi ya sa kafaɗarka ta karkace, yaya," in ji Solange. "Bar surutu, ka ɗanɗana."

Fernand ya kurɓa, ya jujjuya ta a baki. Da ya tofar, sai ya mayar da ragowar kofinsa cikin ganga, ya dubi ɗansa tun daga sama har ƙasa.

"Ja'iri. A makaranta aka ba ka wannan hancin?"

"A makaranta sunaye suka koya mini. Hancin na gidan nan ne."

Fernand ya yi gyaran murya, ya rataye sandar a ƙusa, ya ɗaga murya har ta amsa a bangon dutse.

"Solange, ki shaida. Bana ba a ƙara motsa ko ganga ɗaya. Ranar ɗurawa a kwalba kuma, Aurélien ne zai sa mana."