Gudummawa Ba Ta da Wa'adi

Ina riƙe da kofin shayi a bakin Mbah Sarju, tsohon da ke maƙwabtaka da ni, yana kwance ba lafiya, sai ga Bu Warsini, shugabar firamaren ƙauyenmu, ta shigo. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce rufin aji uku ya rufta, ga damina a bakin ƙofa.

Tsohon ya ture kofin. Mutumin da ya yi kwanaki ko tempe, wainar waken soya, ba ya iya haɗiya, sai ga idonsa tar. Shi ne shugaban kwamitin makaranta, kuma a duk gundumarmu ta Kulon Progo ban san mai taurin kai a kan kalma irinsa ba. Katanga ɗaya ta raba mu, na sha fama.

"Kuɗin gwamnati fa?" in ji shi.

"Na ƙaramin gyara ne, Mbah, wannan kuwa babba ne. So nake kwamiti ya yanka wa iyaye abin da za su bayar kafin ƙarshen wata. Ka sa hannu kawai."

"Me za ki kira shi?"

"Gudummawa."

"Gudummawar da aka yanka mata adadi da rana? Sunanta karɓar dole. In wani ya kai ƙara, sai a tsige ki, ki dawo kina taya wannan sayar da soyayyiyar ayaba." Ya nuna ni da haɓa.

Na ce, "Ayabar da kake aiko a karɓo maka kullum?"

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Bu Warsini kuwa hawaye take yi. Ta ce yara na zaune a baranda, kuma in iyaye suka kwashe su, za a haɗe makarantar da ta bakin titi. Wallahi ta ba ni tausayi, har na ji haushin tsohon.

"Gudummawa ba ta da adadi, ba ta da wa'adi, Bu," in ji shi a hankali. "Ni ne mai wa'adi. Ki ɗan jira."

Bai sa hannun ba. Ranar Talata da hantsi ya cika.

Mai sanarwa a masallaci ya faɗi lokacin jana'iza, sannan ya ƙara da wasiyyar mamacin: kada mai zuwa ta'aziyya ya kawo shinkafa ko sukari kamar yadda aka saba. Wanda ya ga dama ya zo da tayil na rufi saboda aji uku. Wanda bai kawo ba, ya shigo ya sha shayi, ba mai tambaya.

Ni biyu na cire daga rufin kicin ɗina. Wani ya kawo a bayan babur, wata tsohuwa ta goyo guda ɗaya a zani.

Da la'asar na fito zubar da ruwan wanke kofuna. Bu Warsini na tsugune a gindin katanga ita kaɗai, tana jera tayil ɗin, ja da baƙi da mai gansakuka, tana goge kowanne da gefen mayafinta.