Inda Ruwan Yake Tafiya

Shekarar da Injiniya ya yi ritaya daga aikin gina gadoji, gwiwarsa ta hagu ta ce ita ma ta gaji. Likita ya ba shi shawarar ya riƙa tafiya a cikin ruwa. Shi kuwa ba mai son cinkoso ba ne, sai ya zana ɗan tafkin ninƙaya da hannunsa, aka haƙa a bayan gida, aka shimfiɗa masa tayil shuɗi. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekara talatin da ta yi tana koyar da lissafi, ta raɗa wa wurin suna kududdufin tsofaffi. Su biyu ne kawai a gidan. 'Ya'yansu huɗu duk sun watse, kowa yana can da iyalinsa.

Shekara shida tafkin bai taɓa ba shi ciwon kai ba. Sai ran nan da yamma ya lura ruwan ya sauka ƙasa da layin tayil na biyu. Ya cika shi. Washegari ya sake sauka, kamar yatsa uku.

"Rana ce ke shanyewa," in ji Malama, tana miƙo masa shayi. "Ita ma ƙishirwa take ji."

Injiniya ba ya yarda da magana sai ya auna. Ya ɗebi ruwa a bokiti, ya ajiye a kan matakalar tafkin, ya yi alama da fenti a jikin bokitin, ya yi wata a bango. In rana ce, duk biyun za su ragu daidai. Bayan kwana ɗaya na bokiti ya ɗan motsa kaɗan, na tafki kuwa ya yi ƙasa abinsa.

Ya kira mai gyara, wani gajeren mutum mai furfura a gemu, wanda ba ya gaggawar magana. Mutumin ya shiga ruwan da kwalbar jan ruwa mai launi, yana ɗiga shi a bakin kowane tayil da ya ga alamar tsagewa, a gefen fitila, a bakin magudanar ƙasa. In akwai rami, launin zai bi shi. Launin ya tsaya yana yawo a wuri guda. Ya toshe bututan ɗaya bayan ɗaya, ya hura musu iska, ya zuba wa allurar ma'auni ido. Ba ta motsa ba. Kwana biyu yana wannan aiki.

A rana ta uku ya kira Injiniya ɗan ɗakin da injin tace ruwa yake.

"Baba, tafkinka lafiyarsa ƙalau. Ko ɗigo ba ya yi."

"To ruwan tashi sama yake yi?"

Mai gyara ya nuna wani jan hannun buɗe ruwa a jikin bututu. "Wannan na zubar da ruwa ne in za a wanke injin. Jiya kafin in tafi na ɗaura masa zare. Ga shi a tsinke. Mutum nawa ne a gidan?"

"Ni da iyalina."

"To, a dai duba," ya ce, ya hau tattara kayansa ba tare da ya ɗago ido ba.

A wurin cin abinci Injiniya ya tambayi Malama ko tana shiga ɗakin injin.

"Me zan yi a can? Wurin da ko ɓeraye ba sa son warinsa." Ta yi dariya, idonta tar a kansa. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ya san fuskarta in tana ɓoye abu. Ba ta ɓoye komai.

Kullum da safe yakan fita ya zagaya unguwa na awa guda, ya tsaya wurin mai jarida. Washegari ya fita kamar yadda ya saba, amma da ya kai kwanar layi sai ya juyo. Tun daga ƙofa ya ji ƙarar ruwa a kwata.

Tana bayan ɗakin injin, tsugune, hannun rigarta a naɗe. Ta jawo tiyon da ke haɗe da bututun zubar da ruwan tafkin ta sa a cikin tsohon bahon roba da suka daɗe da jefawa a sito. Bahon ya cika tuntuni, ruwa na malala ta kan ƙafafunta yana bin kwata. A gefe ta ajiye sabulu da ɗan ƙaramin tawul, a ninke.

"Malama."

Ta waigo ba tare da razana ba. "Yauwa, gara da ka dawo. Taso min Auta, har yanzu ba ta yi wanka ba. Motar makaranta za ta zo ta same ta a kwance."

Auta shekararta talatin da huɗu, 'ya'yanta biyu.

Ya tsaya riƙe da bango. Abubuwan da ya yi ta yi wa dariya a 'yan watannin nan suka jeru a gabansa: makullin da ya tsinta a firji, gishirin da ta zuba a madara, ranar da ta tsaya a tsakiyar falo tana tambayarsa wace ƙofa ce ta ɗakin girki, ta ce wasa take yi. Ya yarda, domin yarda ta fi sauƙi.

"Na ji," ya ce. "Bari in kashe ruwan, ya isa haka."

Ya mayar da jan hannun. Ya kamo ta suka shiga ciki, ya share mata ƙafa da ɗan tawul ɗin. Kafin shayi ya dahu ta dawo daidai, har tana tambayarsa yadda aka yi zaninta ya jiƙe.

A asibiti aka yi mata tambayoyi, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likita ta ce ta cire bakwai daga ɗari, ta ci gaba da cirewa. Malama ta ce casa'in da uku, sannan ta tsaya. Ta kalli mijinta, ta kalli hannunta. Likitar ta yi masa bayani a hankali: akwai maganin da zai rage gudun ciwon, babu wanda zai tsayar da shi. Ta kuma ce kada a bar ta ita kaɗai kusa da ruwa mai zurfi.

A makon ya zubar da ruwan tafkin da kansa, ya sa aka rufe shi da katako. Ya daina fita da safe. Sannan ya buga wa Auta waya, ya daɗe yana zancen gwiwarsa kafin ya iya faɗa mata.

Ta iso ranar Asabar. Uwar ta rungume ta, ta yi mata faɗan rama, suka yi hira har yamma kamar babu komai. Auta ta ja uban gefe. "Baba, anya ba ka tsorata da yawa ba? Ni ban ga komai ba."

Da safe suka sami Malama a bayan gida da bahon, tana jujjuya busasshen tiyo. Ta ɗago ta dubi Auta da ladabin da ake yi wa baƙo.

"Baiwar Allah, don Allah ba ki ga wata 'yar yarinya a ciki ba? Tana da wushirya."

Auta ta dubi ubanta. Ya sunkuyar da kai. Auta ta tattare zaninta ta tsuguna kusa da bahon.

"Na gan ta, Mama," ta ce. "Tana zuwa."