Gorar Nicasio

Mutanen bakin fadamar Iberá sun ce babu wanda ya kai Don Eulogio sanin ruwan nan, amma shekara talatin ke nan ko ƙafa bai jiƙa a ciki ba. Wasu su ce kada ne ya firgita shi, wasu su ce tun ɓatan ƙanensa Nicasio ne. Shi dai abin da ya faɗa wa kowa, Nicasio shi kaɗai ya fita farauta.

Wata safiya Ramona, matar Nicasio, ta tsaya masa a ƙofa.

"Tashi, tsohon kunkuru. Iska ta koro wani tsibiri ƙarshen gadar katakon 'yan yawon buɗe ido. An ce da gora kafe a kansa."

"Gora ta ƙare a duniya ne, Ramona?"

"Saka takalmi, Yaya. Ni ba na iya zuwa ni kaɗai."

Suka hau gadar cikin hazo. Katako na kuka a ƙarƙashinsu, kadoji sun jera ido a saman ruwa, ko tsuntsu ɗaya babu. Eulogio na jin takun mutum uku. Bai waiwaya ba.

Tsibiran nan tarin saiwa ne da ciyawa, iska ke yawo da su. Eulogio ya san haka sarai ranar da suka fita farauta, Nicasio ya yi ta yi masa dariya don ya kuskure harbi. Ya tura kwalekwale ya bar shi tsaye a kan ɗaya, don ya horu. Ai babu iska, kafin ruwan shayi ya tafasa zai dawo. Sai iska ta taso. Da ya dawo, ruwa ne fili.

A ƙarshen gadar tsibirin na gugar katako a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ga gora a tsaye, da riga ɗaure a samanta, yadda mafarauci kan yi in yana jiran a zo ɗaukarsa. Rigar ko koɗewa ba ta yi ba.

"Ni na ɗinke wannan aljihun," in ji Ramona. "Amma wa yake jira, Yaya? Wanda ya fita shi kaɗai, ina kwalekwalensa?"

Eulogio ya cire hula. Gugar ta tsaya cak.

"Ni yake jira. Tare muka fita, ni na bar shi." Ya juya ga tsibirin. "Nicasio, na makara. Ka yafe mini. Ramona, ki yafe mini."