Rabin Fuskar Baba

Hoton Baba guda ɗaya ne a gidanmu, kuma a cikinsa ba a ganin bakinsa.

A masana'antar siminti aka ɗauke shi, ranar da masu duba lafiyar ma'aikata suka kai ziyara. Da safe aka raba wa masu ɗura buhu sababbin takunkumai farare, aka jera su gaban injin, mai hoto ya yi aikinsa. Baƙin na fita aka bi layi aka karɓe takunkuman, aka mayar sito sai wata ziyarar. Baba na tsaye a gefen hagu, daga karan hanci zuwa haɓa duk farin ƙyalle. Duk shekarun da ya yi yana shaƙar ƙurar nan, ranar ce kaɗai aka rufe masa hanci.

Bayan tarin da ƙurar ta sa masa ya kai shi kabari, Inna ta ce tunda ina koya wa yara zane a makaranta, in zana mata shi babba ta rataye a ɗaki. Ta ce ba ta son tsumman nan a fuskarsa, mijinta take so ta gani.

Saman fuskar bai ba ni wahala ba. Na fiƙe fensir, na fitar da goshi da girar da ta haɗe, na murza inuwar ƙasan ido da ɗan yatsa har idanun suka fara kallona. Da na sauko hanci sai hannuna ya tsaya. Na san muryarsa, na san yadda yake kurɓar shayi, amma da na rufe ido in ga leɓensa sai in ga babu.

Baffa, ƙanin Baba, ya zo ya zauna a kan benci wai in kwafi bakinsa, ai nono ɗaya suka sha, sai dai shi ya fi marigayi kyau da yawan haƙora. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, irin tarin nan dai mai ƙarar gwangwani. Har yanzu a layin buhu yake aiki. Na ajiye fensir na ce ya tara abokan aikinsa mu kai ƙara, ga hoto, ga asibiti, ga gawa. Ya share baki ya ce ɗan boko ya fara wa'azi, kwanan mutum in ya ƙare ko a cikin kwalba aka sa shi sai ya tafi. Na tambaye shi ko kwanan manaja ba ya ƙarewa ne, da ofishinsa ke da gilashi da na'urar sanyi. Inna ta leƙo daga kicin ta ce in ji kunya, ƙanin ubana ne.

Haka suke. Ka nuna musu abin da ke kashe su, su ce ka rage murya.

Na zana bakin Baffa. Inna ta duba ta ce wannan Baffa ne ya ari idon yayansa. Na goge. Na ɗauko madubi na zana nawa, ta ce wannan bakin danginta ne. Na sake gogewa, har takardar ta fara tashi kamar tsohon bargo. Na ja kujera kusa da ita na ce to ta faɗa mini: leɓen mai kauri ne, ko siriri? In ya yi murmushi ta wane gefe yake fara buɗewa?

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Wallahi na neme shi na rasa," in ji ta. "In na tuno shi, a kan gadon asibiti nake ganinsa, baki buɗe yana neman iska. Na kafin nan ya ɓace mini."

Shi ma wannan bakin ina da shi. Ni na riƙa jiƙa masa leɓe da auduga. Na koma ɗaki, na bar hoton a kife, na ɗauki fensir, hannuna ya tafi shi kaɗai: kumatu sun faɗa, leɓe ya tsage, haɓa ta saki. Ko sau ɗaya ban taɓa abin gogewa ba.

Na kai mata tsakar gida inda take wanke-wanke. Ta tsame hannu, ta goge a zani, ta karɓa da hannu biyu. Baffa ya leƙo ta kafaɗarta, ya zura takalmansa ya ce zai makara aiki.

"Shi ne," in ji Inna. Ta miƙo mini takardar ba tare da ta ɗago ba. "Ka fitar mini da shi daga gidan nan."