Haƙoran Manang Felising

Shekara goma sha ɗaya ke nan Manang Felising, wato Yaya Felising a yarensu, ba ta yi dariya a hoto ba. Duba hotunan da ke bangon falonta, ko'ina hannu ne a kan baki kamar wadda aka yi wa batsa. Haƙora huɗu suka rage mata, su ma ba sa ga-maciji da juna, ɗaya nan ɗaya can. Likitan haƙori na tsallaken kogi ya ce peso dubu goma sha biyar zai yi mata na roba, sama da ƙasa. Ita kuwa ɗinki take yi, rage tsawon wando da facin yunifom, inda ko a kan peso hamsin sai an yi ciniki. Ga shi an sa bikin 'yarta tilo, Gemmalyn, a watan Mayu, kuma Felising ta rantse wannan karon sai duniya ta ga haƙoranta a hoto.

Berting, ƙanen marigayi mijinta, shi ya sa mata foka, cacar karta da ake bugawa da baƙi, a waya. Shekara ashirin ya yi yana aikin jirgin ruwa, ya dawo garinsu Iloilo da agogon hannu da ciwon baya, sauran duk karta ta lamushe. Amma fa dokokin wasan a bakinsa suke tsaf. Bin su ne kawai Allah bai taɓa nufarsa da yi ba.

"Yaya, dubu ɗayan nan da kika sa, sunanta jari," in ji shi. "Ba ta shinkafa ba ce, ba ta wutar lantarki ba ce, ba ta coci ba ce. Ki raba ta gida ashirin, kada ki zauna a tebur da fiye da kashi ɗaya. In ta ƙaru ki hau tebur na gaba, in ta ragu ki sauko, ba abin kunya ba ne."

Ta tambaye shi to shi ina nasa jarin. Ya ce ta bar tone-tone ta dubi wayarta.

Makon farko an ci ta ɗari huɗu, don kowace karta aka raba mata sai ta bi. A ganinta ta biya kuɗin zama, don me za ta zubar da abin da aka ba ta kyauta? Sai da ta ji zafi sannan ta koyi zubarwa. Daga nan kuwa abin ya zo mata daidai, don macen da ta yi shekara talatin tana warware ɗinkin wasu ba a koya mata haƙuri. Kullum bayan abincin rana sai ta rufe keken ɗinki, ta juya fuskar ɗan gunkin Santo Niño, yaron nan mai tsarki na 'yan coci, bango don kada yaron ya ga abin da bai kamace shi ba, ta zauna a teburin peso hamsin tana jiran samarin da ke wasa da zuciya. In ta ci, ta juyo shi ta kunna masa kyandir. Cikin wata bakwai jarin ya kai dubu shida, kuma ba wanda ya sani sai Berting, shi ma rabin gaskiya take gaya masa.

Dalilin ɓoyon kuwa balato ne. A layinsu duk wanda ya ci caca, ta faɗan zakaru ce ko ta lamba, kowa na da rabonsa a ciki, daga dangi har mai gyaran takalmin bakin titi. Felising ta fi kowa sanin wannan, don in wani ya ci, ita ce ta farko a ƙofarsa. Fankar da ke ɗakinta ma balaton aminiyarta Luding ce, mai shagon kusa da ita.

Wata Lahadi da rana ta shiga gasar peso ɗari, mutum ɗari huɗu da 'yan kai. Awa huɗu tana zubar da karta tana jira, har ya zama saura ita da wani, ta kuwa kwashe shi. Dubu goma sha huɗu! Ta ƙwalla ihun da ya tashi kajin maƙwabta, taga a buɗe, ga Berting zaune a gefe yana shan kofi. Kafin ta ce masa ya yi shiru, mutumin da ke kukan ciwon baya ya kai ƙarshen layi da gudu. Ko Santo Niño ba ta juyo ba tsakar gidan ya cika.

Tana gaisawa da su tana lissafi a zuci. Gida ashirin da shida, ga Berting na maganar kason malami, ga masu cewa a gasa kaji a sayo giya. Ko ta matse hannu yaya, dubu takwas ta tafi, haƙora kuma sun bi ta. Ta ce musu kuɗin sai Laraba za su fito.

Berting ya taɓa koya mata cewa in za ka tsorata mutum da kartar banza, to labarinka ya tafi daidai daga farko har ƙarshe. Ranar Laraba ta fito ba ta taje kai ba, ta zauna a bencin shagon Luding, ta ce Shaiɗan ya ja ta babban tebur. Wai kartar sarki biyu aka raba mata, ta zuba duka, har da jarin, ashe wani ɗan banza na riƙe da waɗanda suka fi su. Ta tuna shekarun da ta yi tana tauna da dasashi, sai ga hawaye na gaske. Ba wanda ya yi musu. Luding ta ce dama wanda ya ɗauki Berting malami ai ƙarshensa ke nan. Berting kansa ya fi kowa yarda, ya tsaya ya yi mata wa'azin kashi ɗaya cikin ashirin har kumfa na fita a bakinsa.

Kashegari Luding ta shigo da kwanon kunun shinkafa da ambulan. Karo-karo 'yan layi suka yi, peso dubu ɗaya da ɗari uku da hamsin, duk tsofaffin takardu masu ƙanshin kifi da man girki, wai ta sayi takalmi da jakar biki kada uwar amarya ta ji kunya. Har mai gyaran takalmi ya sa ashirin. Felising ta karɓa tana godiya, kunya kuwa kamar ta nutse, kunun ma kasa shan sa ta yi.

Amma ba ta fasa ba. Sau uku tana tsallaka kogi a ɓoye zuwa wurin likitan, fuska a rufe da lema, ana gwaji. Saura kwana goma biki aka ba ta haƙoran. Ta kulle ɗaki ta sa su, ta tsaya gaban madubi tana washe baki kamar sabuwar mahaukaciya. Wallahi sun yi mata kyau, ta koma matar da marigayi ya aura. Tana cikin haka Luding ta ƙwanƙwasa ƙofa tana neman aron almakashi, Felising ta zare su da sauri ta cusa a aljihu.

A nan ne abin ya faɗo mata. Matar da aka cinye tas, har aka yi mata karo-karo, ina ta samo dubu goma sha biyar? Ta ce Gemmalyn ce ta saya? Gemmalyn da ko kujerun biki na Luding ta ara. Ta ce Berting? Karnukan layin ma sai sun yi dariya. Ta juya maganar ta kowace fuska, ba ta ga ƙaryar da za ta hau kan ta farko ta zauna ba.

Ranar biki ta naɗe haƙoran a hankici, ta sa a sabuwar jakar da kuɗin karo-karo ya saya. Ta ce a ranta lokacin hoto za ta juya baya ta sa su, in ya so kowa ya mutu. Aka fito daga coci, mai hoto ya jera su a kan matakala, amarya a tsakiya, uwa a damanta, 'yan layi duk sun yi cincirindo a baya cikin kayan da suka fi ji da su. Felising ta zura hannu a jaka, ta taɓo hankicin.

Luding ta matso ta rungumo kafaɗarta, ta yi mata raɗa.

"Ƙawata, saki jiki ki yi dariyarki haka nan. Mu ne fa. Wa zai ga laifinki bayan abin da ya same ki?"

Mai hoto ya ce kowa ya yi murmushi, ya fara ƙirga ɗaya, biyu. Felising ta zaro hannunta daga jakar ba komai a ciki, ta ɗora shi a kan bakinta.