Tayi na Uku

…da shayi aka fara, ai. A shagonsa na gyaran keke, bayan kasuwar Yazd, ranar da ta turo keken yayanta da taya a sace. Ya miƙo kofi, hannu duk baƙin mai. A'a, na gode. Ya sake miƙowa. Wallahi yanzu na sha. Sai a tayi na uku ta karɓa, yadda duk 'yar mutunci ke yi. Bahman ya yi dariya. "Malama, saura kaɗan karar nan taki ta hucar mini da shayi."

Yanzu ga Mahtab a Takhte Jamshid, kangon fadar sarakunan dā, cinyoyi na rawa, gyale ya jiƙe da gumi. Kekenta na can ƙofa, jingine da na sauran matan da suka taso tare daga Yazd. Ginshiƙai a tsaye, ba rufi. Me suke ɗauke da shi? Sama kawai.

Nan ne. Nan ya ce za su zo. Ita ce ma ta karanta masa labarin wurin, daga tsofaffin littattafan da take saye a bakin titi, shi yana faci, yana gyaɗa kai. Rannan ya ajiye taya: "Mu yi aure, mu hau keke har can, ki nuna mini duwatsun naki." Ta sunkuyar da kai — bari dai in yi tunani. Bayan mako ya sake. Kai, Bahman, ni wace ce… Ta koma gida tana murmushi, tana jiran na uku. E ɗin na bakinta kamar sukari a haƙori.

Bai sake ba. Ya ɗauka da gaske take. Mutumin da ya yi mata dariyar shayi! Ya ɗaure jaka a keke, ya tafi shi kaɗai.

Tirela ta buge shi, kusa da Abade. Aka yanke ƙafar hagu, daga gwiwa.

Jiya ta wuce wurin… ko shekaranjiya? Kwalta ce kawai. Ba alamar komai. Ta taka feda da ƙarfi har matan suka yi ta kiran sunanta.

Matakala. Mutanen da aka sassaƙa a jikin dutse, a jere suna hawa, kowa da abin da ya kawo wa sarki: tulu, raguna, ninkakken yadi, raƙumi. Gemu a nannaɗe. Shekaru dubbai suna hawa, ba su iso ba. Ita ma me ta kawo? Gumi. Littafi ya ce an ƙone wurin — dutse ne ya ƙi ci.

Yana Shiraz, gidan gwaggonsa. Nan kusa, kafin la'asar keke ya kai. Amma matan ba ta cikin gari za su bi ba, hanyar teku suka nufa. Kuma ai ya ce kada ta zo. Ta kira shi yana asibiti: in zo? "Kada ki wahalar da kanki, Mahtab." Ta sake kira da aka sallame shi. "Haba, nisa. Ki yi zamanki." Muryar nan a bushe. Ta kashe waya, ta yi kukanta a bayan tanda, gurasar babanta na ƙonewa. Ba ya so ta gan shi haka. Ko ba ya son ganinta. Wa zai so ganin wadda ta…

Hannu.

Ta matsa kusa. A gaban kowane ayari akwai bafade, ya kama hannun baƙo yana jan sa. Yatsu cikin yatsu. Ta karanta wannan, ta taɓa gani a hoto, amma ba ta lura ba: ba wanda ya shiga don kansa. Ko mai raƙumin nan, da ya keto hamada, sai da aka kamo hannunsa.

Sau nawa ta tambaya?

Asibiti. Gidan gwaggo.

Biyu.

Ta zauna a kan matakalar, dutsen da zafi. Biyu… Mutumin da ba ƙafa zai ce zo ki gan ni? A tayi na farko? Shi ma ɗan mutunci ne. Wata nawa ke nan yana kwance da e a bakinsa? Ko kuwa da gaske yake — idan da gaske yake fa?

"Mahtab!" Shugabar tafiyar ce, daga ƙasa, hannu a ƙugu. "Ke 'yar littafi, dutsen ya ce zai aure ki ne? Rana na yi, taso mu tafi."

Ta ɗaga mata hannu: ku dakata. Waya na santsi a tafinta. Ta danna. Tana ringin. Bafaden dutse na kallon gaba, bai saki hannun ba.

Ringin… ringin…

Ba a ɗauka ba tukuna. Ta faɗa duk da haka, a fili, har wata tsohuwa mai lema ta waiwayo:

"Bahman, wannan ne na uku. Ka ce abin da za ka ce. Yau zan zo."